Amfilifayar Akawu

Akawu ya yi shekara tara da barin aiki, amma har yanzu duk layin da wannan sunan suke kiransa. Shekara talatin da biyu ya yi yana tsaron fayil-fayil a wani ofishi, kuma halin bai sake shi ba. Kowane abu a ɗakinsa da mazauninsa, ko biro aka gusar da faɗin yatsa sai ya gane.

Abin da ya fi ji da shi a gidan shi ne amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin kiɗa. Tsohuwa ce, gabanta farin ƙarfe, gefe da gefe katako, da wasu allurai biyu a bayan gilashi masu rawa idan kiɗa ya tashi. Ya saye ta shekara guda kafin ya yi aure. Tana zaune a kan wata kantar katako a falo, garmaho a kusa da ita, manyan lasifika biyu a ƙasa, ɗaya hagu ɗaya dama. Dokarsa a kanta ɗaya ce, ba mai taɓa ta. 'Ya'yansa huɗu sun tashi a falon nan har suka yi aure babu wanda ya taɓa murɗa ta. Matarsa, wadda yaran ke kira Umma har shi ma ya bi bakinsu, ko ƙura ba ta share mata. Shi ke yi, da wani tsumma da ya ware.

Da yanar ido ta rufe masa idon dama, Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kai shi asibiti a wani gari aka yi masa aiki. Kwana goma sha biyu suka yi. Umma ba ta je ba saboda ciwon gwiwa, sai mijin Auta ya riƙa leƙo ta kullum yana yi mata cefane.

Akawu ya dawo da ido garau. Kwana biyu amfilifaya na yi masa kiɗa lafiya. A rana ta uku da hantsi lasifikar hagu ta fara ƙara kamar ana suya, allurar ɓangaren ta yi ta fizga, can sai ta kwanta. Ya kashe, ya kunna, shiru. Ya juyo bayanta don ya duba wayoyi, a nan sabon idon ya nuna masa abin da tsohon ba zai gani ba. Notin da ke riƙe da murfin guda shida ne, dukkansu baƙaƙe tun daga kamfani. Yanzu biyar ne baƙaƙe, ɗaya fari, kuma kawunan baƙaƙen duk a ƙuje.

Ya daɗe a tsugune a wurin. Sannan ya leƙa ɗakin Umma ya tambaye ta ko wani ya shiga falo da ba ya nan. Tana ɗinkin wata rigar matashin kai, ta ce wa zai taɓa masa kayansa, ai abu idan ya tsufa dole ya nuna. Ba amsar ce ta dame shi ba. Shekara arba'in duk lokacin da ya ambaci amfilifayar sai ta tsokane shi, ta ce a gai da babbar 'yar gidan. Yau ba ta yi ba, kuma ba ta ɗago kai daga ɗinkin ba.

Da yamma mijin Auta ya zo gaisuwa. Akawu bai ambaci noti ba, ya dai ce gefe ɗaya ya daina magana. Kafin ya rufe baki surukin ya miƙe, ya ce a ba shi ita yanzu, akwai wani mai gyara da ya sani, gobe-gobe za ta dawo. Akawu ya dube shi da kyau. Ya tuna wata rana, bara ko bara waccan, da yaron nan ya tsaya gaban kantar yana cewa irin waɗannan tsofaffin yanzu nemansu ake yi ruwa a jallo, har akwai masu kwashe kayan cikinsu na asali su cusa na banza su mayar da murfi. A lokacin hira ce kawai. Yanzu kuwa maganar ta dawo masa da wata fuska dabam.

"Bar ta," in ji shi. "Ni zan kai."

Surukin ya koma ya zauna a bakin kujera, ya yi ta juya makullin mota a hannu, bai jima ba ya ce zai wuce.

Washegari Akawu ya naɗe amfilifayar da tsohon bargo, ya tari tasi zuwa layin masu sayar da kayan wuta. Can ƙarshen layin, ƙarƙashin matakalar wani bene, akwai shagon wani mai gyara da ake kira Dogo, wanda da ƙyar kansa ke wuce teburin aikinsa idan ya tsaya. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Tsofaffin rediyo da talabijin sun kai rufi, gwangwanayen madara cike da noti da guntayen waya sun jeru a bango, wurin na warin dalma da ƙonanniyar roba. Akawu ya zaɓe shi ne don ya ji an ce shi kaɗai ya rage a layin mai gyara abu, sauran duk canji suka iya.

Dogo ya ce a ajiye a dawo jibi. Akawu ya ce ba inda za shi, a gabansa za a buɗe. Dogo ya ce shi ba ya aiki mai kaya na huci a ƙeyarsa. Yana faɗa yana juya amfilifayar, har idonsa ya sauka a kan farin notin. Ya tsaya. Ya dubi notin, ya dubi tsohon.

"Baba, wa ya buɗe ta?"

"Abin da na zo tambayarka ke nan."

Dogo bai yarda nan take ba. Ya ce ya sha gani, mutum ya kai kayansa wani wuri a lalata, ya kawo nan da fuskar salihai, idan an buɗe ya ce kai ka cire masa kaza. Don haka shi ba zai sa hannu ba. Ya miƙa wa Akawu sukundireba ya ce ya kwance da kansa, kuma da an ɗaga murfi a ɗauki hoto da waya kafin kowa ya taɓa komai. Akawu ya ji haushin a ce shi ake zargi, amma tsarin ya yi masa, don da shi ne ma haka zai yi. Ya kwance notin shida, ya zuba su a gidan tabaransa.

Karo na farko ke nan da ya ga cikinta. Ya zaci zai ga wani abu mai ƙyalli, sai ya ga ƙura da wayoyi da wasu faifai biyu masu ruwan ƙasa, kowanne cike da ƙananan abubuwa kamar ƙwari. Dogo ya ce faifan dama na lasifikar dama ne, na hagu na hagu, kuma tagwaye ne, duk abin da ke wannan yana wancan. Saboda haka mai lafiyar shi zai tona asirin marar lafiyar.

Bai haɗa ta da wuta kai tsaye ba. Ya bi da wutar ta cikin wani ƙwan fitila da ya ɗaure a katako, ya ce idan ƙwan ya yi haske ya dushe, da sauƙi, idan kuwa ya tsaya da haske, akwai inda wuta ke zurarewa. Ya kunna. Ƙwan ya haska fal ya tsaya. Dogo ya kashe da sauri, ya zaro fis ya ɗaga shi saitin ƙofa. Fis ɗin ya ƙone tun tuni, wani ya naɗe shi da silin waya ya mayar.

"Wanda ya yi wannan," in ji Dogo, "ko gidanka ya ƙone ba ruwansa."

Ya ɗauko mita ya shiga aunawa, ya taɓa nan a faifan dama, ya taɓa daidai wurin a faifan hagu, yana gunaguni shi kaɗai. Akawu ya matso da kujera har gwiwarsa na gugar teburin, idonsa na kan yatsun Dogo, musamman idan hannun ya nufi aljihun tebur. A jikin wani farantin ƙarfe mai shan zafi akwai tiransisto huɗu manya. Uku iri ɗaya ne, rubutunsu ya dushe. Na huɗun sabo ne fil, ƙarami, an liƙa shi a karkace da dalma dunƙule-dunƙule kamar kashin kaza. Dogo ya ce wannan ba sa'an aikin ba ne, ya ɗauki kwana biyu yana wahala sannan ya mutu, ya ja ɗan'uwansa da wata rizisto suka tafi tare. Ya nuna masa rizistar, ta yi baƙi ta tsage.

Akawu ya ji abin da yake zargi ya tabbata. Ya ce wato an sace na asalin an sa masa na banza. Dogo ya girgiza kai, ya ce ɓarawo ba ya ɗaukar ɗaya ya bar uku, wanda aka cire ƙonewa ya yi. Tambayar ita ce me ya ƙone shi.

Ya kwance faifan hagu ya juya shi a ƙarƙashin fitila. Wani abu mai danƙo ya bi ta kansa ya bushe, ya bar sawu tun daga saitin ramukan iska na murfin har ƙasa. Inda ya taru, ƙarfen ya yi kore, ga gawar ƙananan tururuwa uku a manne. An yi ƙoƙarin gogewa da tsumma, zarensa ma na nan. Dogo ya dangwala yatsa ya shinshina, ya kai bakin harshe.

"Shayi ne. Da madara, da sukari mai yawa."

Akawu ya yi shekara goma sha ɗaya rabonsa da sukari. Umma takan sa rabin cokali. Mijin Auta kuwa cokali uku yake zubawa, har ana yi masa tsiya a kai. Akawu ya gyaɗa kai a hankali.

Dogo ya ce tun da an buɗe, bari ya wanke abin murɗa murya, don ya ji yana kartawa idan an murɗa. Ya ciro shi, ya ɗaga 'yan haƙoran da suka riƙe bayansa, ya leƙa da gilashin ƙara girma. A ciki akwai wani baƙin zobe wanda ɗan harshen ƙarfe ke bi idan an murɗa. Ya tambayi Akawu a ina yake tsayar da murya idan yana sauraro. Akawu ya ce a biyar, tun ranar da ya saye ta, bai taɓa wucewa ba bai taɓa ragewa ba. Dogo ya ce ga wurin biyar nan, ya cinye. Sannan ya miƙa masa gilashin ya ce ya dubi can ƙasa, wajen ɗaya da rabi. Nan ma ya cinye, har ya fi na biyar zurfi.

Akawu ya ce wannan aikin wanda ya zubar da shayin ne. Dogo ya ce a'a, kwana goma sha biyu ba sa yin wannan ramin, ko shekara biyar ba ta yi. Wani ne ya daɗe yana kunna ta ƙasa-ƙasa, yadda daga tsakar gida ba za a ji ba.

Ran Akawu ya ɓaci. Ya ce masu gyara haka suke, idan sun rasa abin faɗa sai su koma duba. Dogo bai yi musu ba, ya ce shi ƙarfe yake karantawa, mutanen gidan kuwa Baba ya fi shi saninsu. Ya ƙara da cewa tiransisto irin na asali sai ya tona a cikin matattun kayan da ke sama, a ba shi kwana uku. Akawu ya sa Dogo ya ciro sabon da ƙonannun ya ba shi, ya ƙirga abin da ya rage a kan faifan sau biyu, ya sake ɗaukar hoto, sannan ya tafi ya bar ta, ransa bai so ba.

A hanya ya yi ta lissafi. Mijin Auta shekara shida kacal da shigowarsa gidan. Babban ɗansa ya bar garin shekara ashirin da suka wuce. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ga bai zauna daidai ba. Sunan da ya rage kuwa ya ƙi tsayawa a kansa, don a saninsa Umma ba ta damu da kiɗa ba. Idan ya kunna ma tashi take yi ta shiga kicin.

Kwana biyu yana sa ido. Ya lura Umma ba ta zama a falo, kuma idan ta ratsa ba ta kallon gurbin da ke kan kanta. Ya lura mijin Auta ya daina shigowa, sai ya tsaya a ƙofa ya miƙo cefane ya ce sauri yake yi. Ya ciro fayafayan garmahonsa ya duba ɗaya-ɗaya a hasken taga. Suna nan a jere yadda ya bar su, sai dai guda uku can ƙarshe, waɗanda shi bai taɓa so ba, bakin kwalayensu ya yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi.

A rana ta uku da safe ya aika aka kira surukin. Ya zaunar da shi a falo, ya juye ƙonannun kayan a kan tebur, ya ce yana jin bayani. Surukin ya shiga kame-kame. Ya ce shi ne, tsautsayi ne, ya ɗora kofi a kai ya manta. Akawu ya tambaye shi wane faifai yake ji a lokacin. Ya ce ya manta. Ya tambaye shi ta ina ake kunna ta, maɓallin hagu ko na dama. Surukin ya dubi gurbin da babu komai, ya ce na dama.

"Malam, ƙyale yaron nan."

Umma ce a bakin ƙofa, ta dafa bango. Ta shigo ta zauna a kujerar Akawu, wadda ita ma ba mai zama a kanta, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ta ce ita ce. Ranar da aka shiga da shi ɗakin aiki ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta haɗa shayi ta zuba sukari ba ta ma san adadi ba, ta kunna kiɗa don ta daina jin bugun ƙirjinta. Wayar Auta ta shigo, ta ɗora kofin a kan amfilifayar ta yunƙura, gwiwa ta ƙi, hannunta ya doke shi. Ta ji ƙara, ta ga hayaƙi. Shi wannan bawan Allah ya same ta tana kuka da tsumma a hannu, ya ɗauka ya kai wa wani a bakin kasuwa, ya roƙe ta kada ta faɗa, ya ce idan magana ta fito shi zai ɗauki laifin.

Akawu ya tambaye ta tun yaushe take taɓa masa kaya.

"Tun ina da cikin babban yaya. Kana fita aiki da bakwai da rabi, ni kuma in gama shara da tara."

Ta ce da ya bar aiki abin ya yi mata wuya, sai ranar da ya tafi aski ko asibiti. Ta faɗi wannan ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ya ce to me ya sa idan ya kunna take tashi. Ta ce saboda yana cika mata murya, kuma fayafayan da yake so ba su da daɗi. Surukin ya yi tari, ya ce bari ya duba mota.

Akawu bai yi faɗa ba, bai kuma ci abincin rana ba. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Ba shayin ne ya fi ci masa rai ba. Shi da ke gane an gusar da biro, a ce shekara kusan arba'in ana kunna abu a falonsa, ana mayar da murya kan biyar, ana mayar da faifai gurbinsa, bai taɓa gani ba. Ya rasa ko haushinta yake ji ko na kansa. Can da la'asar ya fito ya sa hula, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce shi zai je karɓo kaya, idan gwiwar za ta bari. Ta ce za ta bari.

Dogo ya riga ya gama. Ya wanke faifan da sifirit ya shanya, ya samo tiransisto biyu na asali daga wata matacciyar amfilifaya, ya sa sabuwar rizisto da fis na gaske. Ya kunna ta cikin ƙwan fitila, ƙwan ya haska ya dushe. Ya haɗa lasifika biyu na shago, kiɗa ya fito ta ko'ina, allurai biyun na rawa tare. Akawu ya sa aka ɗaga murfi, ya gwada da hoton da ke wayarsa, ya ce ya yi.

Umma na zaune a kan wata tsohuwar talabijin da Dogo ya goge mata. Ta ce bai yi ba. Ta ce a cire kiɗan, a rage murya can ƙasa. Da aka yi, ta ce akwai wani gurnani siriri a hagu, da can babu shi. Akawu ya kasa kunne ya ce shi bai ji komai ba. Dogo ma ya ce hayaniyar titi ce, amma ya kai kunnensa jikin lasifikar. Ya jima a haka. Sai ya ɗauko wani tsinken katako ya shiga taɓa wayoyi ɗaya-ɗaya, har ya zo kan wata baƙar waya da ke ɗaure a jikin ƙarfen gindin. Yana danna ta gurnanin ya ɗauke, yana saki ya dawo. Na bakin kasuwar ne ya sassauta ta, shi kuma bai lura ba. Ya kankare wurin, ya ɗaure, ya ɗiga dalma.

"Mama, da kin zo tun farko da na huta," in ji shi.

Ya dubi Akawu, ya dubi Umma. Ya dai ce wa Baba ya mayar da notinsa da hannunsa.

A tasi suka zauna a baya, amfilifayar na naɗe a bargo a kan cinyoyinsu su biyu. Suka wuce shatale-tale biyu. Akawu na ta kallon hannunta a kan bargon, yadda ta tallafi gefen da allurai suke kada ya bugi ƙofa. Wani tunani ya zo masa. Shekarun baya ya taɓa yin wata ƙaramar mota, wadda yakan bari a gida ranakun da motar ofis ta zo ɗaukarsa, kuma ya sha mamakin yadda take shan mai.

"Umma," ya ce, "motar nan tawa ta da. Ita ma kin taɓa ta?"

Ta juya tana kallon shagunan bakin titi. Can ta ɗan sunkuya gaba, ta ce wa direban ya sauka zuwa giya ta biyu kafin ramin da ke gaban gidan mai, don kayan da suka ɗauko ba ya son jijjiga.